Shin Jirgin Ba Shi da Matuƙi Ne?

Duk mai sauraren labaran Hausa a rediyo ya saba da jin "jirgi maras matuƙi". Wasu su ce "mara", wasu su ce "marar", matasa kuwa su ce "duron" su huta. Ni a ganina wannan sunan da kunne ya saba da shi ne ya fi buƙatar gyara, domin yana faɗin abin da ba haka ba.

Jirgin yana da matuƙi, sai dai a ƙasa yake zaune, gaban allon kwamfuta. Jiragen MQ-9 Reaper na Amurka mutum biyu ke tafiyar da kowanne: matuƙi, da mai kula da na'urorin hangen ƙasa. Wani lokaci suna jihar Nebada alhali jirgin yana shawagi a wata nahiya. Shi ya sa rundunar sojan saman Amurka ta fi son a ce jirgi ne da ake tuƙawa daga nesa.

Mai karatu zai ce ai gardamar malaman harshe ce kawai. To, a tuna Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin rundunar sojan ƙasa ya jefa bam kan masu taron Maulidi, hukumar NEMA ta ce mutum 85 suka rasu. Rundunar ta amsa cewa ita ce, har shugabanta na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya ba da haƙuri. Idan ɗan jarida ya rubuta cewa "jirgi maras matuƙi ya kashe mutane", dattijon da ke riƙe da rediyo a ƙauye zai ɗauka ƙarfe ne ya sulluɓe ya yi ɓarna, kamar mota ta gangara babu direba. Alhali akwai wanda ya duba allo, akwai wanda ya ba da umarni. Sunan ya ɓoye su duka.

Masu goyon bayan "duron" suna da hujja: gajere ne, kuma Hausa ta ari mota da rediyo ba ta mutu ba. Sai dai kalmar ta haɗa na mai ɗaukar hoton biki da na yaƙi a kwando ɗaya. Asalinta ma a Ingilishi namijin ƙudan zuma take nufi, abin da ba ya ce wa Bahaushe komai.

Hausa ba ta rasa dabarar raɗa suna ba. Harshen da ya dubi helikwafta ya ce "jirgi mai saukar ungulu" ba zai gaza a nan ba. Abin sha'awa, sojan saman Nijeriya ma sunan Hausa suka sa wa nasu na leƙen asiri: Gulma a 2013, Tsaigumi a 2018. Duk sunayen biyu sun faɗi aikin jirgin.

Shawarata ita ce a riƙa cewa "jirgi mai matuƙin nesa", sannan a bayyana aikinsa, na leƙen asiri ne ko na kai hari. Wanda ke tarwatsewa tare da bam ɗinsa, irin Shahed na Iran da Rasha ta shiga harba wa Yukiren tun 2022, shi ma a nema masa nasa sunan. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su zauna da editocin gidajen rediyo kan wannan, mu ɗalibai kuma mu fara gwada shi a darasin fassara.