Ambaliya: dabarar manoman Tayilan

A ƙasar Tayilan, can Asiya, ambaliyar shekarar 2011 ta kashe mutane fiye da 800. A 2024 kuma, a jihar Ciyan Mai, ruwa ya ci giwaye biyu, duk da girmansu.

Amma manoman ƙasar sun san halin ruwa. Tun kaka da kakanni suna kafa gidajen katako bisa dogayen ginshiƙai, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi. Shanu da ɓauna kuwa, sai a kora su kan tudu.

Gidan katako tsada gare shi a nan. Dabarar tudun ce muke gani ta dace da mu. Tun kafin damana, maigari da makiyaya su zaɓi tudun da za a kai bisashe, a tanadi harawa a can.