Akwatin Hoto Ya Suma, Bai Mutu Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon filin da ka saba ba ni, domin wannan mako labarin wautata zan ba jama'a, ko wani akawu ya tsira da ita.

A siton da ni ke aiki akwai kyamarori takwas. Dukansu suna aika hoto ta waya zuwa wani akwati da a ke kira NVR, shi kuwa yana tarawa a faifai. Cikin akwatin akwai wani karatu da maƙeransa suka zuba masa, watau manhajar ciki, lokaci lokaci su kan fito da sabuwa. Ran Talata da la'asar na ce bari in sabunta tamu. Aiki ya kai rabi sai wuta ta ɗauke, ga shi ba batiri a jikin akwatin, ni kuwa na san da haka tun ban fara ba. Da wuta ta komo sai ya nuna sunan maƙerinsa, ya mutu, ya sake nunawa, haka har magariba.

Kashegari aka ƙidaya kaya, aka rasa buhu shida na sukari. Nan da nan aka sa wa mai gadi ido, dattijo mai iyali. Shaidarsa duka tana cikin akwatin da na sumar.

To, 'yan'uwa, hoto dabam, manhaja dabam. Hoto yana faifai, manhaja kuwa tana wani ɗan ma'aji a jikin allon na'urar. Saboda haka na fara cire faifan na kulle a aljihun tebur. Kada ka kai shi kwamfuta, gama sau da yawa ba ta gane tsarinsa, sai ta nemi ka share shi. In ka yarda, shi ke nan, shaida ta tafi.

Sa'an nan, ko manhaja ta lalace, galibi ɗan karatun da ke tada na'ura yana nan lafiya. Da an kunna, cikin 'yan daƙiƙu ya kan leƙa waya ko akwai mai miƙo masa manhaja, ta wata tsohuwar hanya mai suna TFTP, wadda aka tsara ƙa'idarta a 1981. Kowane maƙeri da lambarsa. Alal misali, tsofaffin na'urorin Hikvision su kan nemi fayil mai suna digicap.dav a kwamfutar da aka sa wa lamba 192.0.0.128. Ka nemo fayil na ainihin akwatinka, ka gwada da lambar da ke manne a ƙarƙashinsa harafi harafi, domin na mai kama da shi ƙara ɓarna ya kan yi. Ka haɗa akwati da kwamfuta da waya ɗaya kai tsaye, ka kashe katangar tsaron kwamfutar, ka buɗe TFTP, kana ka kunna akwati. Sau uku na yi aikin banza don na riga kunna akwatin, ya leƙa bai ga kowa ba.

A na huɗu ya karɓa. Wannan karo janareta na tayar, na harɗe hannu ban taɓa kome ba sai da ya gama. Na rufe TFTP kafin ya sake tashi, in ba haka ba sai ya sake haɗiye fayil ɗin. Ya farfaɗo ya manta kalmar sirri da kyamarorinsa duka, na shigar masa da su ɗaya ɗaya, na mayar da faifai.

Hoto ya fito sarai. Ran Litinin da hantsi, mai gadi yana gida yana barci, mota ta zo da takardar oda ta ɗauki buhu shida, ba a shigar a littafi ba. Littafin kuwa, Malam Edita, ni ne mai riƙonsa. Na tafi har gida na ba dattijon haƙuri.

Wassalam.
Naku, Akawun Sito.