Sunayen Ranaku Ba Su Isa Shaidar Asalin Al'umma Ba

A yankin Tabla na ƙasar Tagazar, kudu da Filinge, harsuna huɗu ne ke cuɗanya: Zabarmanci da Hausa da Buzanci da Fillanci. Ranar da ake cin babbar kasuwar Baleyara, Kurfayawa na kiranta Lahadi, Zabarmawa kuwa Alhadi. Inda Hausa ta ce Litinin, Laraba, Jumma'a, Asabar, Zabarmanci cewa yake Atinni, Alarba, Alzuma, Asibti. Dukkansu daga Larabci suka fito, amma ba mai cewa don haka Zabarmawa da Kurfayawa jikokin Larabawa ne. Duk da haka, irin wannan hujjar ce wasu ke kafawa idan suna son jingina asalin Hausawa ga Bagadaza, sai su haɗa kalmomin aro da labarin Bayajida su ce magana ta ƙare. Ya kamata ɗalibin kimiyyar harshe ya ƙi wannan hujja, kuma tarihin ranakun Ingilishi ya isa ya nuna dalili.

Rumawa ne suka raba kwanakin mako ga rana da wata da taurari biyar masu sunayen allolinsu. Da tsarin ya isa ga ƙabilun Jamus na dā, sai suka fassara shi, suka sa nasu allolin a gurbin na Rumawa. Tiw ya maye gurbin Mars aka sami Tuesday, Woden ya maye gurbin Mercurius aka sami Wednesday, Thunor mai tsawa ya gaji Jupiter a Thursday, Frig ta gaji Venus a Friday. Sunday da Monday fassarar ranar rana da ranar wata ne, Saturday kuwa ta riƙe sunan Saturnus na Rumawa. Ƙabilun Angulo da Sakson ne suka shigar da sunayen tsibirin Birtaniya daga ƙarni na 5.

To, shin mutanen Birtaniya duka jikokin waɗannan baƙi ne? Binciken ƙwayoyin halitta da masanan Jami'ar Oxford suka jagoranta, wanda mujallar Nature ta buga a 2015, ya kimanta gadon Angulo da Sakson a tsakiya da kudancin Ingila da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari. Ke nan harshen baƙi ya mamaye ƙasa ba tare da jininsu ya rinjayi na mazauna ba. Mutanen Wales kuma sun ɗauki sunayen kai tsaye daga Latin: Llun, Mawrth, Mercher, Iau, Gwener, kamar yadda Faransanci ke da lundi, mardi, mercredi. Wannan bai mai da su Rumawa ba. Shaida ce kawai ta mulkin Rum na kusan shekara 400 a tsibirin.

Haka lamarin yake a Hausa. Lahadi zuwa Alhamis lambobi ne na Larabci, ɗaya zuwa biyar, Jumma'a ranar taruwa ce, Asabar kuwa daga as-sabt take. Siffar kalmomin da kanta tana fallasa aro. Harafin “al” na Larabci ya manne a jikin Alhamis, ya rage saura “l” a Lahadi da Litinin da Laraba, “t” ta ƙarshen sabt kuma ta koma “r” bisa ƙa'idar sautin Hausa. Lambobin gida, wato ɗaya, biyu, uku, huɗu, ba su gusa ba, aro ya fi yawa ne daga ashirin zuwa casa'in, inda lissafin fatauci da na malamai ke aiki. A 1960 Joseph Greenberg ya kawo hujjar cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta hanyar Barebari suka shigo Hausa. Littafin tarihin Kano kuma ya ambaci zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Malami da farke ne suka kawo kalandar, ba ƙaurar wata al'umma ba. Hatta kalmar sati daga Saturday ta fito, kuma ba wanda ya taɓa cewa Bahaushe jinin Sakson ne.

Za a iya cewa ai Hausa da Larabci dangi ne. Gaskiya ne, duka biyun suna cikin babban gidan harsunan Afirka da Asiya, Hausa a reshen Cadi, Larabci a reshen Samawa. Amma ana tabbatar da wannan dangantaka ce da wakilan suna da tsarin jinsi da daidaiton sautuka, ba da kalmomin da suka shigo shekaru ɗaruruwa kaɗan da suka wuce ba. Ko dangantakar harsuna ma ba ta tabbatar da dangantakar jini.

Batun ba na aji kaɗai ba ne. A ƙasar Kurfai da Tagazar, kamar sauran yankin Tillaberi, tambayar wane ne ɗan gida, wane ne baƙo tana shafar gona da rijiya da sarauta. Kalma guda da aka fassara da ganganci a kundin digiri tana iya zama makami a hannun mai neman korar maƙwabcinsa. Aikin da ke jiran ɗalibai shi ne tattara yadda kowane harshe na wannan yanki ke furta sunayen ranaku, a kwatanta su, a gano wanda ya ara daga wane. Bahaushe ya daɗe da sanin bambancin: yaron da aka haifa ranar Laraba ana kiransa Balarabe, kuma ba wanda ke zuwa Makka neman kakansa.