Asibitin Alfashir da Shirun da Muka Yi

A ƙarshen Oktoban 2025, bayan dakarun RSF sun ƙwace birnin Alfashir a Darfur, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kashe mutum fiye da 460 a asibitin haihuwa na Saudiyya, marasa lafiya da masu jinyarsu. Shi ne asibitin da ya rage yana ɗan numfashi bayan kusan wata 18 ana yi wa birnin ƙawanya. Tun a Janairun shekarar wani harin jirgi maras matuƙi ya kashe kimanin mutum 70 a wannan asibitin. Mu a nan muka ce Allah Ya kawo sauƙi, muka ci gaba da latsa waya.

Uzurin da muke ba kanmu shi ne yaƙi ɗan zamba ne, harsashi bai san likita ba. Wannan ba gaskiya ba ne. Harsashi bai sani ba, amma mai harbin ya sani sarai. Asibiti ba ya mutuwa da kansa, kashe shi ake yi, kuma sau da yawa ba ma sai an harba komai ba. Ka hana man janareta shiga, firjin jini ya ɗumama, allurar masu ciwon suga ta lalace, injin wankin ƙoda ya tsaya. Mai ciwon ƙoda da ya rasa wanki na 'yan makonni ya tafi, kuma ba wanda zai sa sunansa cikin waɗanda yaƙi ya ci. Haka mace da naƙuda ta gardama mata: aikin da bai kai awa guda ba zai fitar da ita da jaririnta, in akwai wuta da zaren ɗinki da wanda bai gudu ba.

Kada wani ya ɗauka laifin na ɓangare ɗaya ne. A Oktoban 2023 ƙungiyar likitoci ta MSF ta dakatar da tiyata a asibitin Basha'ir da ke kudancin Khartum, domin hukumomin sojan Janar Burhan sun hana kayan tiyata wucewa zuwa yankin da ke hannun mutanen Hamidti. Mai cikin da ke unguwar ba ita ta zaɓi wanda ya kafa shinge a ƙofar gidanta ba. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta haramta wannan, ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2286 na 2016 ya sake nanatawa. Mu ma ba sai an kai mu Janiba ba: tun a makarantar allo da zaure muka ji wasiyyar Sayyidina Abubakar ga mayaƙa kan mata da yara da tsofaffi.

To me ya ɗaure mana baki? Da aka kai wa asibitocin Gaza hari mun yi zanga-zanga, mun yi alƙunutu, kuma daidai muka yi. A Sudan kuwa mai harbin da wanda aka harba duk alƙibla ɗaya suke fuskanta, sai harshenmu ya yi nauyi. Ga kuma Daular Larabawa da ake zargi da bai wa RSF makamai, zargin da take musantawa. Manyanmu da ke zuwa Dubai duba lafiya ba su cika son a tayar da zancen ba.

Kuma Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce. Garin Mai Wurno a jihar Sinnar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, har gobe ana jin Hausa a kasuwannin Gadarif da Damazin. Likitocinmu nawa ne suka yi karatu a Khartum? Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 mun tayar da jijiyar wuya har aka kwaso ɗalibanmu. Suna sauka a Abuja muka rufe littafin.

Waɗanda suka riƙe abin da ya saura matasan unguwanni ne da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, suna ɗaukar masu rauni, suna nemo magani, suna dafa abincin sadaka, ɓangarorin biyu kuma na kama su. Su ya kamata kuɗin da muke tarawa a masallatan Juma'a ya isa gare su. Ƙungiyoyin likitocinmu su fito su yi magana da sunan malaman da suka koyar da su, limamanmu kuma su ambaci Alfashir da sunanta a kan mumbari.