SHARHI: Takalmin But Na Gwanjo Da Jarin Fataken Agege

Duk wanda ya saba zirga-zirga tsakanin Zangon Agege da kasuwar gwanjo ta Katangowa da ke Abule Egba a jihar Legas, ya san akwai wata haja da kasuwarta ta buɗe a 'yan shekarun nan, wato manyan takalman but masu dogon wuya, irin waɗanda Turawa ke ƙerawa domin farauta da hawan duwatsu. A da, masu gadi da mahauta da leburorin gini su ne manyan masu neman irin wannan takalmi. Yanzu kuwa fatake kan sara da yawa, su ɗora wa manyan motocin da suka sauke shanu ko kayan gwari, a koma da shi Arewa. Ciniki ne mai tsoka, amma yana tafe da wata ɓaraka wadda idan ba a ɗinke ta ba, za ta lashe riba ta haɗa da uwar kuɗi. Ɓarakar kuwa ita ce, da yawa daga cikin wannan kaya sun riga sun mutu tun kafin a kwance dilarsu, ko da yake ido ba ya nuna haka.

Ba abin mamaki ba ne da buƙatar ta ƙaru. Tun a shekarar 2014, lokacin da mafarautan Adamawa suka taimaka wa sojoji wajen ƙwato garin Mubi, aikin maharbi ya tashi daga bin namun daji kawai ya haɗa da tsaron gari. A watan Oktoba na 2023 jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunarta ta tsaron al'umma, Zamfara ta biyo baya da Askarawa a Janairun 2024, Sakkwato kuma ta kafa tata a watan Maris na 2024. Baya ga waɗannan, ga 'yan sintirin ƙauyuka da ke saya wa kansu kayan aiki daga aljihunsu. Mutumin da zai yini yana taka duwatsun Mandara, ko hawa da gangaren Mambila, ko ƙayar dajin Rugu, ba zai yi da silifa ko kambas ba. Sabon takalmin Turai kuwa ya fi ƙarfin talaka tun da daɗewa, balle bayan da aka saki darajar naira ga kasuwa a watan Yuni na 2023. Saboda haka gwanjo ya zama gatan mai ƙaramin ƙarfi.

Wajibi ne mai zuba jari a wannan harka ya san yadda aka gina abin da yake sayarwa. Takalmin dutse na zamani hawa uku ne. Akwai fatar sama wadda ke rufe ƙafa. Akwai baƙar roba mai haƙora da ke taka ƙasa, wadda mafi shahararta ita ce ta kamfanin Vibram, mai tambari ruwan ɗorawa. Wani Ba'italiye mai suna Vitale Bramani ne ya ƙirƙiro ta a 1937, bayan da abokan hawansa shida suka halaka a kan tsaunukan Alps a 1935. Tsakanin waɗannan biyu kuma akwai wata katifa mai laushi da ke tare wa ƙafa zafin dutse. Wannan katifa, a yawancin takalman da aka ƙera cikin 'yan shekaru gommai da suka wuce, an yi ta ne da wata roba mai kumfa da ake kira foliyuretan, wadda ake taƙaita sunanta da PU. A nan cutar take.

Foliyuretan na da daɗin takawa, ba shi da nauyi, kuma ba ya saurin lotsewa. Aibinsa guda ne: yana shan laimar da ke cikin iska sannu a hankali, laimar kuma tana tsinka abin da ya ɗaure sinadarinsa, har ya wayi gari ya zama kamar busasshen burodi. Wannan lalacewa tana fara ƙirga kwanakinta ne daga ranar da aka ƙera takalmin, ba daga ranar da aka fara sa shi ba. Abin da zai fi ba ɗan kasuwa mamaki shi ne, takalmin da aka ajiye ba a sawa ya fi saurin mutuwa a kan wanda ake takawa a kai a kai, domin takawar tana matse laimar ta fitar da ita. Manyan kamfanonin Jamus masu ƙera irin wannan takalmi, kamar Meindl da Lowa da Hanwag, ba su ɓoye wannan magana ba; su da kansu suke gargaɗin masu sayen kayansu a kai.

To, wane irin takalmi ne Bature ke bayarwa har ya shiga dilar gwanjo? Galibi wanda ya saya domin hutu ɗaya, ya ajiye a ɗakin ƙasa shekara da shekaru. Shi ne wanda fatarsa ke ƙyalli, haƙoran robarsa ba su ci ba, tambarin nan ruwan ɗorawa na nan daram. Shi ne kuma wanda ake rububi a kansa da sassafe idan an kwance dila, a sa masa kuɗin lamba ɗaya. Wato abin da kasuwa ta ɗauka alamar ƙarko, sau da yawa shi ne alamar ajali. Daga nan sai ya yi makonni cikin kwantena a kan teku, ya sauka a tashar Kwatano, ya zauna a rumbunan Legas inda laimar iska kan haura kashi 80 cikin 100 a yawancin watannin shekara, ga kuma zafi. Babu yanayin da ya fi wannan gaggauta cutar. Busasshiyar iskar Arewa ba ta mayar da abin da ya riga ya ruɓe. Mai saye zai gwada a kasuwa ya ji daidai, sai ya yi tafiyar yini guda a daji tafin ya buɗe baki, katifar ta riƙa zuba kamar gari.

A birni wannan asarar kuɗi ce da ɓacin rai. Ga mutumin da ke cikin duwatsu, nesa da gida, wataƙila kuma ana bin sa ko yana bin wasu, maganar ta wuce ta kuɗi.

Asarar ba ta tsaya a kan mai sawa ba. Cinikin Hausawa tsakanin Kurmi da Arewa a kan amana da bashi aka gina shi. Mai shago a Kano ko Yola kan karɓi kaya ya biya bayan ya sayar. Idan kaya suka dawo masa, shi ma sai ya riƙe kuɗin wanda ya aiko, dillali ya shiga tsakani, zumuncin shekaru ya yi tsami a kan abin da babu wanda ya yi da gangan. Abin takaicin shi ne, Agege ba baƙuwar irin wannan matsala ba ce. Goro ne ya tara Hausawa a garin, musamman bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, kuma kakannin fataken yau ba su taɓa ɗaure huhu ba sai sun zauna sun tsince mai sankara, domin sun san goro na iya yin kyau a ido alhali cikinsa ya ɓaci. Wannan ilmi na tantance haja shi ne har yanzu bai shiga cinikin takalmin but ba.

Tantancewar kuwa ba ta buƙatar na'ura. A danna katifar tsakiya da babban yatsa ko bakin makulli: mai rai za ta lotsa ta dawo, matacciya za ta tsage, ko ta yi danƙo, ko ta bar gari a hannu. A lanƙwasa takalmin sosai a duba gefe ko ƙananan tsagu za su bayyana. A ɗaga harshensa a duba takardar ciki, domin kamfanoni da dama kan buga wata da shekarar ƙira a wurin. Wanda ya doshi shekara goma, a ɗauke shi a matsayin fata kawai, a saye shi da kuɗin fata. Sa'an nan a duba yadda aka haɗa sama da ƙasa. Takalmin da aka ɗinke tafinsa da zare, wanda ake ganin layin ɗinki ɗaya ko biyu a kewayensa, ana iya sake masa tafi sau da dama, ko da kuwa ya fi muni a ido. Wanda aka manna da gam kawai, gyaransa sai gwani.

A nan ne maganar masu gyara ta shigo, kuma a nan ne dukiyar da ake takawa ana wucewa take. Babu unguwar Legas da ba a jin ƙwanƙwasar akwatin shumeka, kuma mafi yawansu 'yan ci-rani ne daga Arewa da Jamhuriyar Nijar. Hannunsu na da kyau, amma kayan aikinsu basilla ce da zare da ɗan gwangwanin gam. Maganin da suka sani ga tafin da ya ɓalle shi ne ɗinkin zagaye, wanda ke yi wa fade da sau-ciki amfani ƙwarai. A kan takalmin dutse kuwa ɓarna biyu yake yi. Zaren ba shi da abin kamawa a cikin katifar da ta marmashe, don haka bayan kwana kaɗan sai ya saki. Kazalika basillar tana huda siririn rufin nan na ciki mai hana ruwa shiga, irin su Gore-Tex, wanda shi ne rabin darajar takalmin. Mai kaya ya biya kuɗin gyara, ya karɓi abin da ya fi na da lalacewa. Haka nan masu shanya shi a bakin wuta ko masu dulmiya fatar da baƙin mai, su ma suna kashe ta ne, domin wuta na ƙona fata, mai kuma na hana gam kamawa.

Gyaran gaskiya shi ne a cire tafin gaba ɗaya, a kankare matacciyar katifar har sai an tarar da lafiyayyen gindi, a yanka sabuwa daga fallen roba, a shafa gam mai ƙarfi a ɓangarorin biyu, a ɗumama, a matse da injin matsi, a goge gefe. Abin da ake buƙata bai wuce injin gurza da injin matsi da ƙafar katako ta kowace lamba da wutar lantarki ba. Ya fi ƙarfin yaro mai yawo da akwati, amma bai kai kuɗin dila kaɗan ba ga babban falke. A Turai, kamfanonin da aka ambata suna karɓar tsohon takalmi su sake masa tafi a kan kuɗi mai kauri, kuma mutane na biya, saboda fatar kirki da ta riga ta saba da ƙafa ta fi sabuwa. A Agege kuwa ga fatar tana zuwa da araha, ga hannun aiki a zaune a bakin titi, amma ba a haɗa su ba.

Za a ce gyara zai ƙara wa kaya tsada, mai saye kuma araha yake bi. Gaskiya ne, amma mafarauta da 'yan sintiri jama'a ce mai ƙungiya da shugabanni, labari kuma na yawo a tsakaninsu fiye da yadda yake yawo a kasuwa. Wanda takalminsa ya watse a daji ba zai yi shiru ba, haka ma wanda nasa ya shekara biyu. Za a kuma ce harkar gwanjo ba ta da tabbas a gaban doka, tun da takalma da tufafin gwanjo sun daɗe cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, kuma kowa ya ga yadda kaya suka yanke lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Wannan hujja ce da ke goyon bayan gyara, ba ta rushe shi ba. Wanda jarinsa duka ke cikin dila, ranar da aka rufe Seme ya zauna. Wanda ke da injin gyara kuwa, ranar ce aiki zai fi yi masa yawa.

Daga sake tafi zuwa ƙera takalmin ɗungurungum ba nisa ba ne, kuma Aba ta nuna ana iyawa. Sai dai akwai cikas a wajen fata. Sunan da ƙasar nan ta yi a duniya na fatar awaki ne, musamman jar akuyar Sakkwato, wadda ta dace da jaka da takalmin ado. But kuwa ƙirgin sa yake so, mai kauri, kuma fatar shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba, cikin Agege kanta, mafi yawanta tukunya take shiga a matsayin ganda, tun da mai abinci ya fi majemi biya nan take. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan fata a 2018, ta ƙaddamar da shirin aiwatar da ita a 2021, kuma tun a 2017 aka ba da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 wanda ya wajabta wa hukumomin tarayya fifita kayan gida, har da kaki da takalma. Ga kuma cibiyar nazarin fasahar fata da ke Samarun Zariya, wadda koyar da jima da ɗinkin takalmi aikinta ne. Takardu dai sun cika. Jihohin da suka ɗauki dubban askarawa za su taimaka ƙwarai idan suka sa sharaɗi a kwangilolinsu cewa takalmin da za a kawo ya zama mai ɗinkakken tafi, da shekarar ƙira a jikinsa, domin kayan da suka daɗe a rumbun ɗan kwangila su ma cutar nan ba ta ƙyale su ba.

Amma fataken Agege ba sai sun jira gwamnati ba. Mutum biyar ko shida na iya haɗa kuɗi su kama rumfa guda kusa da inda ake lodin motocin Arewa, su sayi injinan nan biyu, su ɗauki ƙwararrun dukawa, su tura yara biyu Zariya ko Aba su koyo aikin matsi. Duk takalmin da zai hau mota sai ya bi ta rumfar: mai lafiya a wuce da shi, mai fatar kirki a sake masa tafi a buga masa hatimin rumfar da watan gyara, wanda ba ya gyaruwa a farke shi a yi faci da fatarsa. Mai shagon da ke Kano ko Mubi kuma a ba shi rasit mai sharaɗin cewa idan tafin da aka sake ya ɓalle cikin wata shida, a mayar da shi a motar da za ta dawo, a gyara kyauta.