Annoba Ta Wuce, Bashin Zumunci Yana Nan

'Yan uwa samari, duk wanda ya bi ta Madobi ya ɓulla Kura ko Bunkure a yanzu, zai rantse ba a taɓa yin wata annoba ba. Ruwan Tiga yana isa gonakin Kadawa, ana lodin tumatir a Kwanar Gafan, ana biki ana suna. Kowa cewa yake al'amura sun koma yadda suke. To, amma a gidan wa?

Bari mu tuna baya. Ranar 11 ga Afrilu 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano, ranar 16 ga watan aka kulle gari, azumi ya zo ya tarar da mutane a gida. A makonnin nan ne aka yi ta mace-mace a birni da kewaye. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne suka rasu, kuma ana danganta rabi ko fiye da cutar. Akasarinsu dattawa ne.

Shin gida nawa ne a Madobi ba su da dangi a birni? An binne kawunnai da baffanni babu halin zuwa jana'iza, ta'aziyyar ma a waya aka yi ta. Muka ce in an buɗe hanya za mu je. An ɗage kulle ranar 2 ga Yuli 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye dokar ta-ɓaci a Mayu 2023. Mun je?

Lallai dattijo shi ne bangon gida. Shi ke sasanta ma'aurata, shi ke tara dangi ranar Sallah, shi ya san iyakar gona. Inda ya faɗi ba a samu magaji ba, za ka tarar da gadon da har yau ba a raba ba, da matar mamaci da babu mai leƙa ta, da marayan da suka bar makaranta. Wannan gida bai koma daidai ba, ko da kasuwa ta cika maƙil.

Wani zai ce ai rayuwa ta yi tsada, kowa ta kansa yake. Gaskiya ne. Amma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a aljihu ba. Saurayin da yake raba dare a majalisa ba zai rasa awa biyu ta ban ruwa a gonar marayu ba.

Saboda haka ɗan uwa, yau in ka bar masallaci, tambayi mahaifiyarka gidan da aka yi rashi a shekarar kulle wanda ba ka taka ba. Ka je ka gaishe su, ka ji damuwarsu, ka kuma sake komawa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon sauke nauyi.