ATAMFAR LEFENKA A JIKIN ZANEN BAFARANSHE

Daga Ɗankaza, Wudil

 

Akwai wani salo da masu zane-zane na wannan zamani suka ɗauka, watau mutum ya ɗauko tsohon zanen da ya yi suna a duniya ya sake yin sa, amma maimakon fenti da buroshi sai ya yi aiki da shara, ko cakulan, ko tsumma. Da jin haka wani zai ce, ina ruwan ɗan Wudil da wasan waɗanda suka ƙoshi? To ɗan'uwa dakata tukuna, domin ɗaya daga cikin ayyukan nan da atamfa aka yi shi, irin wadda kake fafutukar tara kuɗinta don haɗa lefe.

Hukuncin suranta mai rai da sassaƙa mutum-mutumi magana ce ta malamai, a wurinsu za ka tambaya. Ni labarin ƙyallen ne ya dame ni.

Wajen 1767 wani Bafaranshe mai suna Fragonard ya yi zanen da ake kira Lilo, wanda yanzu yake ajiye a Landan. Wata 'yar gidan masu dukiya ce take lilo a lambu cikin riga ta alfarma, takalminta ya fice ya yi sama, wani dattijo yana jan igiya, wani saurayi kuma ya laɓe a cikin shuke-shuke yana leƙenta. Sharholiya zalla. Alhali a daidai lokacin, sukari da kofin da suke azurta Faransa daga gumin bayi baƙar fata suke fitowa, a ƙasar da yau ake kira Haiti. Ko bawa ɗaya babu a zanen. Da juyin juya halin 1789 ya zo kuwa, irin waɗannan masu lilon ne aka yi ta fille wa kai.

A 2001 sai Yinka Shonibare, wanda aka haifa a Landan a 1962 ya kuma tashi a Legas, ya sake yin wannan mata da girman mutum. Ga lilon, ga takalmin a sama, amma ya cire mazan biyu, ya bar ta babu kai, ya kuma ɗinka mata riga da atamfa. Rashin kan a fili yake, tuni ne da makomar azzalumai. Atamfar fa?

A nan ne maganar ta shafe mu. Atamfar da muke ɗauka tamu ce, asalinta rinin batik ne na mutanen tsibirin Jawa a Indunusiya. Turawan Holan da suka mallake su ne suka kwaikwayi rinin da inji, da bai samu karɓuwa sosai a can ba sai aka juyo da shi Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19. Kamfanin Vlisco da aka kafa a 1846 a garin Helmond har gobe yana buga ta. Shi kansa Shonibare a kasuwar Brixton ta Landan ya saba sayen tasa. Ka ga ke nan fasahar ta Bajawe ce, injin na Bature ne, aljihun da ake tatsa kuwa namu.

Kuma ba don ba mu iya ba ne. Baturen Jamus ɗin nan Barth da ya iso Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Karofin Ƙofar Mata, da ake cewa tun 1498 yake, yau ramuka kaɗan ne ake aiki a cikinsu. Turkuɗin Kura da Buzaye suke naɗawa, samari nawa ne suke koyon bugunsa? Masaƙun zamani ma ba su tsira ba. Kaduna ta samu masaƙarta ta farko a 1957, amma zuwa 2007 har babbar UNTL ta rufe ƙofa, dubban magidanta suka koma gida. Shiga Kantin Kwari ka tambayi diloli daga ina kwantena take zuwa, za su ce maka Sin. A haka saurayi zai kai sansa kara ranar Juma'a a Wudil, ya sayar, don kada dangin amarya su buɗe akwati su ce babu Holan.

Duk da haka ba zan tafa wa Shonibare da hannu biyu ba. Ya tona asiri, gaskiya ne, amma sai da ya rataya atamfar a jikin zanen Bature kafin duniya ta waiwayo, kuma aikin yana hannun gidan Tate a Landan, inda marinin Ƙofar Mata ba zai samu bizar zuwa kallo ba. A 2019 ma ya karɓi lambar CBE, wadda sunan Daular Birtaniya yake cikinta. Shi yana ɗaukar wannan a matsayin wani ɓangare na wasan da yake yi da daular. Ni dai ban gamsu ba.

Haka abin yake ga Vik Muniz na Burazil, wanda a 2008 ya shiga jujin Jardim Gramacho kusa da Riyo, ya haɗa kai da 'yan jari bola suka sake yin tsohon zanen mutuwar Marat na 1793 da tarkacen shara. An sayar da hoton fam 28,000 a Landan, kuma kuɗin ya koma wa ƙungiyar masu tsintar, wannan a yaba masa. Amma roba da gwangwanin nan su ne dai waɗanda ƙannenmu suke yawo da buhu suna tsinta a bayan kasuwa, a auna musu a sikeli a ba su abin da bai kai kuɗin kwanon masara ba. Sai da aka jera su a siffar Bafaranshe suka yi daraja.

Saboda haka ɗan'uwa mai shirin lefe, kafin ka biya, buɗe turmin ka karanta rubutun da ke bakin ƙyallen, ka ga ƙasar da kuɗin sanka za su. Sannan ka tambayi tsofaffin gidanku abin da aka kai wa kakarka, da sunan garin da aka saƙa shi.